Zinariyar Asante ta dawo, amma wa zai kula da littattafan da ke cikin adakar Nima?

A watan Mayun 2024 aka baje kayan sarautar Asante guda 32 a gidan tarihi na fadar Manhyia da ke Kumasi, shekara 150 bayan sojojin Ingila sun kwashi ganima a birnin. Aro ne na shekara uku daga gidajen tarihi biyu na Landan. An yi ta muhawara kan kalmar "aro", kuma da gaskiyar masu fushi. Sai dai ba a cika tambayar wa zai kula da kayan ba.

Mai adana kayan tarihi ba mai share ƙura ba ne. Shi ke auna danshi da zafin ɗaki, ya san yadda haske ke cin tawada, ya gane fumfuna tun ba ta bazu ba. Ƙa'idarsa ita ce kada ya yi gyaran da ba za a iya warwarewa ba. Masallacin Larabanga ya isa misali: simintin da aka shafa masa a shekarun 1970 ya riƙe danshi cikin bango, gara ta shiga katako, sai da aka kankare shi a gyaran 2002 aka koma ga laka.

Zinariya ma tana da haƙuri. Takarda ce ba ta da shi, kuma ita ce gadonmu a Zango. A Nima da Maamobi gidan malamai nawa ne ke da adaka cike da rubutun hannu, Larabci da ajami, a ɗakin da ke yoyo duk damina? In shafi ya yage a manna masa salatif, wani ma ya kai a yi masa laminatin. Niyya mai kyau ce, wallahi, amma gam ɗin nan cin takarda yake. A shekarun 1960 Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Gana a Legon ta tattara kwafin ɗaruruwan irin waɗannan rubuce-rubuce, har da na Alhaji Umaru na Kete-Krachi wanda ya rasu a 1934. Yawancin na asali sun koma hannun masu su.

Wurin koyo akwai shi. Legon na da digiri na biyu a fannin gidajen tarihi, akwai kuma makarantar EPA a Porto-Novo ta Benin tun 1998. Amma aikin hannu ne, sai da ɗakin gwaji da zama gaban gwani shekara da shekaru.

Yaron da ya yi makaranta a Zango ya riga ya samu rabin da ya fi wuya: yana karanta rubutun, ya san darajarsa, malamai kuma za su yarda su buɗe masa adaka. Kimiyyar sinadarai ce ta rage masa. Asusun Raya Zango da aka kafa a 2017 ya kamata ya ɗauki nauyin mutum biyu ko uku, da sharaɗin su dawo su fara da gidajen Nima.