Likita da Masanin Ƙididdiga a Bakin Tafkin Kainji: Wa Zai Ƙirga Yaran Yauri?

A watan Disamba na 2024 aka fara yi wa jarirai allurar rigakafin zazzaɓin cizon sauro a Nijeriya, aka kuma zaɓi jihohi biyu a fara da su, Kebbi da Bayelsa. Dalilin zaɓen Kebbi a fili yake. Binciken ƙasa na 2021 ya sami ƙwayar cutar a jinin kashi 49 cikin 100 na yaran jihar 'yan ƙasa da shekara biyar, adadin da babu jihar da ta kai shi. Uwar da ta goyo jaririnta daga wata tunga ta bakin tafkin Kainji zuwa ɗakin shan magani a Wara ko Yelwa an gaya mata cewa allurar tana kare yaro, kuma gaskiya aka gaya mata. Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne inda aka auno wannan gaskiyar, da kuma waɗanda suka auno ta.

Allurar, mai suna R21, a Jami'ar Oxford aka ƙirƙiro ta, kamfanin Serum na Indiya ke sarrafa ta. Babban gwajinta an yi shi a kan yara 4,800 a Burkina Faso, Mali, Kenya da Tanzaniya, aka buga sakamakon a mujallar Lancet a 2024. Inda zazzaɓin ke zuwa da damina ya lafa da rani, aka kuma yi allurar gab da faɗuwar ruwa, ta rage kamuwa da kashi 75 cikin 100 a shekarar farko. Inda aka yi ta bisa watannin yaro, ba tare da jiran damina ba, kashi 68 aka samu. Babu garin Nijeriya ko ɗaya a cikin gwajin. To, wanne daga cikin alƙaluman biyu ya fi kusa da halin ƙasar Yauri, inda damina ke wucewa amma tafki da fadamun shinkafa da lambunan albasa su ci gaba da riƙe ruwa? Likitan da ke duba yara a Yelwa yana ganin fuskokinsu kullum, sai dai waɗanda suka iso asibiti kaɗai yake gani. Masanin ƙididdiga yana da dabarar auna waɗanda ba su iso ba, amma bai san abin da ke kwantar da su ba. Amsar tambayar tana hannun su biyun, da sharaɗin su zauna tare tun kafin a rubuta sunan yaro na farko a rajista.

Al'adar da ta yi katutu a bincike da yawa ta saɓa wa wannan sharaɗi. Likita yakan tattara bayanansa shekara guda ko biyu, sa'annan ya ɗauko takardun ya kai wa mai lissafi domin ya fitar masa da sakamako. Ihu ne bayan hari. Idan yaran da aka sa sun yi kaɗan, ko likita ne da kansa ya zaɓi wanda zai sha sabon magani, babu gwanintar lissafi da za ta gyara ɓarnar. Tun 1948 aka koyi wannan darasi a Ingila, a gwajin maganin streptomycin kan tarin fuka, inda masanin ƙididdiga Austin Bradford Hill ya tsara a raba marasa lafiya ta hanyar ƙuri'a a cikin rufaffun ambulan, don kada tausayin likita ya karkata rabon. Likita mai tausayi yakan so ya ba wanda ya fi jigata sabon magani, kuma wannan kyakkyawar niyya kaɗai ta isa ta sa magani mai amfani ya fito kamar marar amfani.

Ƙasar Hausa tana da nata tarihin wannan haɗin gwiwa, wanda ya kamata a san shi fiye da yadda aka sani. Daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya suka gudanar da aikin Garki, a gundumar da a lokacin take Jihar Kano, yau kuma Jigawa. An daɗe ana ɗibar jinin mutanen ƙauyuka kowane mako goma, ana ƙirga sauro, kafin a fesa ko ɗigon magani a bango, domin a san yadda cutar take tun asali. Likita Louis Molineaux da masanin lissafi Klaus Dietz, tare da Anthony Thomas, suka gina tsarin lissafin yaɗuwar cutar da aka buga a 1974, wanda masana ke komawa gare shi har yau. Sakamakon bai yi wa masu shirin daɗi ba: feshin ɗakuna da rabon magani ga jama'a sun rage cutar ƙwarai, amma ba su katse ta ba, kuma da aka daina ta dawo. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne wani kaso na sauron ba ya sauka a bangon ɗaki bayan ya ci jini, waje yake komawa. Da an tsaya a kan matsakaicin adadi kawai da wannan ya ɓuya. Ita ma Kebbi ta ɗanɗana irinsa tun da wuri, domin a shirin feshin da aka fara a yammacin Lardin Sakkwato a 1954 aka gano, a Ambursa kusa da Birnin Kebbi, sauron da maganin dieldrin ya daina kashewa.

Misali mafi kusa a zamani yana ƙetaren iyaka, a Jihar Dosso ta Nijar, maƙwabciyar Kebbi. Likitocin ido da ke raba maganin azithromycin don yaƙar amosanin ido a Habasha sun ga alamar cewa mutuwar yara ta ragu a ƙauyukan da aka raba shi. Rahoton da ya fito da wannan a 2009, masanin ƙididdiga Travis Porco ne sunan farko a kansa. Alama dai ba hujja ba ce, saboda haka aka shirya gwajin da ake kira MORDOR a Nijar, Malawi da Tanzaniya: ƙauyuka 1,533, yara fiye da 190,000, ana bin gida-gida kowane wata shida ana rubuta wanda ke raye, wanda ya rasu, wanda ya ƙaura. A 2018 aka bayyana cewa mutuwar yara ta ragu da kashi 13.5 cikin 100 gaba ɗaya, a Nijar kuma da kashi 18.1. A Malawi da Tanzaniya raguwar ba ta kai yadda za a raba ta da dace ba. Binciken da ya biyo baya ya nuna ƙwayoyin cuta masu bijire wa maganin sun ƙaru a ƙauyukan da suka sha, wanda hukunci ne da lissafi ba zai yanke shi kaɗai ba: rai nawa aka ceta yau, da wane farashi gobe, magana ce da sai likita ya sa baki.

Dalilin da ya sa aka bukaci ƙauyuka masu yawa haka shi ne ainihin abin da ya shafi Yauri. Yaran tunga guda sauro ɗaya ke cizonsu, ruwa ɗaya suke sha, mashigi ɗaya suke wanka, don haka yaro na hamsin a tungar ba ya ƙara wa mai bincike sabon labari kamar yadda yaron wata tunga dabam zai ƙara. A ɗauka, don misali kawai, an sa yara 1,000 daga tungaye 20, hamsin-hamsin, kuma kamannin da ke tsakanin yaran tunga ɗaya ya kai kashi 5 cikin 100. A ma'aunin ƙididdiga ƙarfin waɗannan yara bai wuce na yara 290 da aka tsinto daga wurare mabambanta ba. Likitan da bai san wannan ba zai yi murna da dubunsa, ya sanar da nasarar da ba ta tabbata ba.

Shi ma masanin ƙididdiga yana da nasa makanta, kuma a bakin tafki ta fi ta likita haɗari. Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968, aka tayar da mutum fiye da 40,000 daga tsibirai da gaɓar Neja, rayuwar yankin take bin hawa da saukar ruwa. Kogin yana cika sau biyu a shekara, da farin ruwan damina da kuma baƙin ruwan da ke isowa daga tsaunukan Gini lokacin hunturu. Sarkawa da sauran masunta suna bin kifi daga tunga zuwa tunga. Manoma suna sauka bakin ruwa idan ya janye, su koma tudu idan ya dawo. Wanda ke zaune a ofis a Abuja ko Landan, idan ya ga yara ɗari sun ɓace daga rajista a zagaye na uku, yana iya ɗauka cewa waɗanda suka ɓace daidai suke da waɗanda suka rage, ya cike gurbinsu da lissafi. Alhali yaran da suka tafi su ne masu kwana a bukkar bakin ruwa, mafi kusa da sauro, mafi nisa da asibiti. Wannan sani yana wurin likita da ma'aikacin lafiya na Ngaski ko Shanga, kuma ba zai shiga lissafi ba sai an tambaye su tun ana zana tsarin. Abin lura ne cewa a shekarun 1990 wani shirin Nijeriya da Jamus yana ƙirga tungayen tafkin da jiragen ruwa da masunta shekara-shekara, domin kifi. Dabarar ƙirga mutanen da ba sa zama wuri ɗaya ba baƙuwa ba ce a Kainji.

Akwai kuma gaɓar da aikin mutanen biyu ke haɗuwa, wadda ta fi shafar manazarta Hausa. Duk alƙalumin da ya shiga kwamfuta ya faro ne daga tambayar da wani ya yi wa wata uwa a zaure ko a tsakar gida. A Yauri da Hausa ake yin tambayar, sau da yawa ga Bagungiya ko Bakambariya ko Badukkiya wadda Hausar ba ita ce harshenta na farko ba. Takardar da aka fassara a Kano tana cewa zazzaɓi, alhali a yamma masassara ta fi kama baki, kuma ko wacce aka ɗauka ba ta rarrabe na cizon sauro da na haƙori da na shawara. Idan aka tambayi mace 'ya'yanta nawa, alkunya takan hana ta ambaton ɗan fari. Jinjirin da ya koma kafin suna ba kowace uwa ce za ta sa shi a lissafi ba, kuma a gwajin da ke auna mutuwar jarirai shi ne wanda aka fi bukatar a ƙirga. Shekarun yaro ana riƙe su da kaka ko Sallah ko shekarar ambaliya, ga shi allurar R21 a wata na 5, na 6, na 7 da na 15 ake yin ta. Tsargiya, wadda ta zama ruwan dare a bakin tafkuna, a wurare da dama ba a ɗaukar ta ciwon da za a faɗa wa baƙo.

Kalma mafi nauyi ita ce ta rabon da Hill ya tsara. Dole ne a gaya wa uba cewa ba likita ne zai zaɓi abin da za a ba ɗansa ba. Idan mai fassara ya ce caca, ya rufe ƙofar gidan da ta unguwar duka. Idan ya ce canki-canka, ya mai da ran yaro wasan yara. Idan ya ce ƙuri'a, mai sauraron yau akwatin zaɓe zai fara tunawa. Amma ƙuri'a tana da tsohuwar ma'anarta da malamai suka sani a rabon gado, inda ake daidaita kaso-kaso tukuna sa'annan a fitar da rabon kowa don kada a zargi mai rabo da son kai. Wannan ita ce ma'anar da masanin ƙididdiga yake nufi, kusan kalma da kalma, kuma manazarcin Hausa ne ya fi cancanta ya tono ta ya gwada ta a kunnen jama'a kafin a buga takardar neman amincewa.

Arewa ta san abin da ke biyo bayan sakaci a wannan gaɓa. A annobar sanƙarau ta 1996 kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara kusan 200 a Asibitin Cututtuka Masu Yaɗuwa na Kano. Yara 11 suka rasu, biyar cikin masu sabon magani, shida cikin masu tsohon, bambancin da ya yi ƙanƙanta ya nuna wanda ya fi. Iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba, kamfanin ya musanta aikata laifi, aka sasanta da Jihar Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. Kafin nan, a 2003, labarin ya riga ya zama hujja a bakin masu ƙin allurar shan-inna.

Yau akwai dokar ɗa'ar bincike ta ƙasa ta 2007, akwai kuma sharaɗin izinin NAFDAC kafin a fara gwajin magani. Takardun izini kuwa ba sa haifar da masanin ƙididdiga da ya taɓa shiga kwale-kwale. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato tana da asibitin koyarwa da sashen lissafi da sashen harsunan Nijeriya a ƙarƙashin inuwa ɗaya, ga jami'o'in Birnin Kebbi da Aliero a cikin jihar kanta. Ba sai an jira wani babban gwaji daga ƙetare ba. Yaran da aka yi wa allurar farko a Disamban 2024 sunayensu suna cikin rajistocin ɗakunan shan magani na Yelwa, Wara da Shanga, kuma tsakanin allura ta uku da ta huɗu akwai wata takwas, lokacin da ya isa ruwa ya sauka ko ya hau, iyali su sauya tunga. Yara nawa suka dawo, su wane ne ba su dawo ba, nawa daga kowane ɓangare suka kwanta da masassara a daminar da ta biyo: tambayoyi ne da likita ɗaya, masanin ƙididdiga ɗaya da mai jin Hausar Yauri za su iya fara bi da rajistocin da ke ƙasa.