An Zo Sayen Nono, An Tafi Da Saniya

Akwai maganar da nake ji a bakin mutane wadda ba ni so: "Ciniki ya faɗa, babu sauran magana." Ku saurari labarin Jerry Siegel da Joe Shuster, sa'annan ku gaya mini ko haka ne.

Samari ne biyu, ƴaƴan talakawa, a garin Kilibilan na Amurka. Siegel ke tsara labari, Shuster ke zana hotuna. Su suka ƙago Superman, jarumin nan mai ɗaga mota da hannu. Shekaru suna yawo da shi, babu mai so. A 1938 kamfanin Detective Comics ya karɓi shafi 13, ya biya dala 130 (dalar Amurka, ba tamu ta sefa biyar ba). Amma takardar da suka sa wa hannu ba ta tsaya ga shafi 13 ba. Jarumin kansa ta ba kamfani, har abada.

Littafi ya fito, yara suka yi rububi. Superman ya shiga jaridu, ya shiga rediyo, ya shiga silima. Kuɗi na kwarara.

Wani zai ce: "Ai kamfani ya ɗauke su aiki, ya biya su da kyau wajen shekara goma." Gaskiya ne. To, sai me? In mutum ya karɓe maka gona, ya ɗauke ka ƙodago a cikinta, ka ce ya yi maka alheri? Kun san mai kuɗin da ke sayen gero tun yana tsaye a gona, lokacin da rumbu ya ƙare. Shi ma cewa yake ba tilas ya yi wa kowa ba. Yunwa ce ta yi masa dillanci.

A 1947 suka kai ƙara. Alƙali ya ce Superman na kamfani ne. Aka sallame su, aka goge sunayensu daga littafin. Shuster, da idonsa ya raunana, ya koma ɗan aike mai kai kaya. Siegel kuwa daga baya ya zama ƙaramin akawu.

Sai a 1975, ana shirin babban fim, Siegel ya kai kukansa ga ƴan jarida. Masu zane irin su Neal Adams da Jerry Robinson suka tsaya musu. Kunya ta kama kamfani, ya yarda zai ba kowanensu dala 20,000 a shekara, ya maido sunayensu. Kunya fa, ba shari'a ba! Lokacin kowanensu ya haura shekara 60.

Shuster ya rasu a 1992, Siegel a 1996. Takardar banki da aka biya su kuɗin farko da ita, an yi gwanjonta a 2012. Dala 160,000 aka saye ta.