Maganin farfaɗiya ba a yi masa hutu

Edita, ka ba ni fili in yi magana da 'yan'uwana na Tambuwal da Kebbe.

Ƙanena ya yi wata takwas bai faɗi ba, yana shan carbamazepine safe da dare yadda likita ya rubuta. Da damina ta kama, kuɗi suka tafi wajen taki, magani ya ƙare, muka ce ai ya warke. Kwana huɗu tsakani ya faɗi a bakin murhu. Tabon ƙunar na nan a hannunsa har yau. Sai da muka koma Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware aka fahimtar da mu cewa yanke maganin kwatsam kan tayar da ciwon fiye da dā, kuma likita kaɗai ke rage maganin, sannu a hankali.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 70 cikin 100 na masu farfaɗiya za su iya daina faɗuwa idan sun samu magani daidai. Ba wanda ya hana addu'a, amma kada a ajiye ƙwaya saboda rubutu ko hayaƙi. Kada kuma a ari na maƙwabci. Macen da ke shan maganin farfaɗiya na valproate ta ga likita tun kafin ta ɗauki ciki, domin yana iya cutar da jariri. Mai niyyar azumi ma ya fara tambayar likita.

Roƙona ga gwamnatin Jihar Sakkwato: a wadata asibitocinmu da waɗannan magunguna. Kware ta yi wa talakan Kebbe nisa.

Daga mai karanta jaridarku,
Tambuwal, Jihar Sakkwato.