Sharhi: Kiɗan kwamfuta ya shigo gari, ina makomar kalangu?



Duk wanda ya je buki bana a Ɗan Isa, Gabi ko Safo ya san zancen. Sau da yawa ba ka ganin makaɗi da kalangu a hammata, sai yaro guda da lasifika da waya. Waƙar amarya kuwa, har da sunanta da na ango, a situdiyo aka yo ta a Maraɗi ko Katsina, aka turo ta WhatsApp. Ka ji ganga, ka ji sarewa, alhali ba wanda ya taɓa fata, ba wanda ya busa kome.

To, yaya abin yake? Manhaja ce ake sa wa kwamfuta. Wata ita ke ƙirƙiro sautin da kanta, ta hanyar lissafi. Wata kuma sautin kayan kiɗa na gaske aka naɗa aka adana mata, in an danna sai ta maimaito shi. Wadda samarinmu suka fi sani ita ce FL Studio ta kamfanin Image-Line na ƙasar Beljiyam. Akwai kuma Auto-Tune, da ta fito a 1997, mai daidaita muryar mawaƙi in ta kauce.

Ba yau aka fara ba. Tun wajen ƙarshen shekarun 1990 masu waƙoƙin fim a Kano suka rungumi fiyano ƙirar Yamaha, daga nan waƙoƙin nanaye suka bazu har ƙauyukanmu. Yanzu kwamfuta ta haɗiye aikin fiyanon ma.

Gaskiya abin ya yi rana. Da, kiɗa gado ne: in ba gidanku ake yi ba, da wuya ka samu mai koya maka. Yau yaron da ubansa masunci ne a tabkin Madarunfa na iya tsara waƙa shi kaɗai, a ji ta har Kano. Mai buki ma ya huta da ciyar da ayarin makaɗa da maroƙa.

Amma akwai wanda ya biya kuɗin wannan sauƙi. Makaɗin gargajiya da buki da suna yake ciyar da iyalinsa. In lasifika ta tsaya masa, ɗansa ba zai ga dalilin koyon sana'ar ba.

Sannan mu tambayi kanmu: sautin wa ke cikin manhajar? Akasarinsa a Turai da Amurka aka naɗa shi. Da wuya ka tarar da kotso, gurmi ko kuntigi a ciki, sai dai mai situdiyo ya nemo abin da ya yi kama da su. Kalangu kuwa magana yake. Makaɗi na matse tsirkiya yana saki, sauti ya hau ya sauka kamar harshen Hausa, ya kaɗa wa mutum takensa, mutumin ya miƙe tsaye. Bugu ɗaya da aka naɗa ana ta maimaitawa bai san ɗan wane ne ya shigo fili ba. Shi ya sa har gobe filin kokawa bai rabu da makaɗa ba.

Kayan kiɗa na ɓacewa, mun gani a ƙasar nan. Biram na yankin tabkin Cadi saura kaɗan ya tafi, sai da marigayi Malam Mamman Barka, wanda ya rasu a 2018, ya je ya koyo shi wajen dattijon da ya rage.

An ce in kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake. Ba wanda zai kori kwamfuta, kuma ba ita ce matsalar ba. Abin yi shi ne masu situdiyo su riƙa kiran makaɗanmu su kaɗa da hannunsu, a biya su, a ambaci sunansu a waƙar. In za a naɗi sautin kalangun mutum don a riƙa amfani da shi, a yi ciniki a fili tun farko.

Ku kuma ƴan'uwa na ƙetare da ke aiko kuɗin waƙar buki, magana na hannunku. In kun biya situdiyo, ku ware ƴan jakkuna na makaɗin garinku, ya zo ya kaɗa wa tsohuwa taken gidanku.

Mi kuka gani? Muna jiran saƙonninku, musamman ku makaɗa da masu situdiyo.