Mai Kaya Ba Ya Riƙe Mudu

Jama'a, kowane ɗan kasuwa ya san abin da ke faruwa ran da mai hatsi ya zama shi ne mai awo. To, haka sha'anin ilmi yake idan mai ba da kuɗin bincike shi ke da ikon cewa a buga ko kada a buga.

Ga misali daga Amurka. Wani kamfanin magani ya ba wata malama, Betty Dong, ta Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko, dala 250,000. Aikinta ta gwada maganinsu mai suna Synthroid da wasu uku masu araha. Maganin na masu ciwon ƙullutun nan ne na maƙogwaro wanda kumburinsa ke kawo maƙoƙo. A 1990 ta gama, ta tarar duka huɗun aikinsu ɗaya.

Sai kamfanin Boots, mai maganin a lokacin, ya fito da takardar yarjejeniya: ba a buga kome sai da izninsa. A Janairun 1995, ana gab da bugawa, malamar ta janye rubutunta don tsoron shari'a. Bai fito ba sai Afrilun 1997, bayan 'yan jarida sun tona asiri. Masu binciken sun ƙiyasta cewa da an koma ga masu arahar, da dala miliyan 356 ta tsira kowace shekara.

Wa ya biya kuɗin nan shekara bakwai? Marasa lafiya na cikin waɗanda suka biya.

Ba mu ce kada a karɓi taimako ba, gama bincike yana cin kuɗi. Amma wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, saboda haka a duba sharaɗi tun ba a miƙa hannu ba. A 2001 editocin manyan mujallun likitanci suka haɗu suka ce wajibi ne mai bincike ya ga alƙalumansa duka, kuma ikon bugawa ya zauna a hannunsa.

Mu ma nan muka tsaya. Kada jami'a ta sa hannu a takardar da ke ɗaure bakin malamanta, ko kuɗin daga kamfani ya fito ko daga gwamnati. Malamin da aka hana faɗin gaskiya, talaka aka cuta.