Talla a intanet: Lokaci ya yi da 'yan kasuwa za su riƙa auna abin da suke biya

Babu ɗan kasuwar da zai yanka wa mai saye shadda a Kantin Kwari bai gwada ta da yadi ba, haka nan mai hatsi a Dawanau ba ya nisa da kwanon awonsa. Amma da zarar an zo maganar talla a intanet, sai a ga mutanen nan da ba sa yarda da cinikin biri a sama sun tura dubban nairori ga jarumin fim, ko mai barkwanci a TikTok, ko mai shafin da ke da ɗimbin mabiya a Instagram, sannan su koma su zauna suna jiran tsammani. Idan ciniki ya buɗe a makon, sai a ce talla ta yi aiki. Idan bai buɗe ba, a ɗora laifin a kan tsadar rayuwa. A duka biyun babu wanda ya san gaskiyar abin da ya faru.

Wannan sakaci ne da ba shi da uzuri a yanzu, domin kwanon awon yana nan, kuma mafi sauƙinsa kyauta ne. Shi ne gajeren likau, wato ɗan taƙaitaccen adireshin intanet da kamfanoni irin su Bitly da TinyURL suke samarwa.

Yadda yake aiki ba shi da wuyar fahimta. Ɗan kasuwa zai ɗauki dogon adireshin shafinsa ya miƙa wa kamfanin, su kuma su ba shi wani gajere mai 'yan haruffa. Duk wanda ya latsa gajeren, wayarsa za ta fara biyawa ta kwamfutocin kamfanin, su rubuta cewa wani ya wuce, sannan su tura shi inda aka nufa. Duk wannan yana faruwa ne cikin ƙiftawar ido. A wannan ɗan tsayawar ne ake samun lissafi: sau nawa aka latsa, a wace rana, daga wace ƙasa, da waya ko da kwamfuta, kuma a wasu lokutan daga wane dandali aka fito.

Asali ba don talla aka ƙirƙiro abin ba. TinyURL ya fara ne a 2002 don rage tsawon adireshin da ke karyewa idan an tura shi a saƙo. Bitly ya biyo baya a 2008, ya kuma bunƙasa a zamanin da Twitter ba ya barin saƙo ya wuce haruffa 140, lokacin da dogon adireshi ɗaya kan iya cinye rabin wurin rubutu. Daga baya masu talla suka gane cewa ƙidayar ta fi gajartawar daraja.

Dabarar ita ce a ba kowace hanyar talla nata likau daban, ko da duk wuri ɗaya suke kaiwa. A ɗauki misalin mai sayar da turaren wuta da humra, a kuma ƙaddara cewa ta biya mutum uku. Jarumar fim ta karɓi Naira 60,000, mai bidiyon barkwanci ya karɓi 20,000, wata uwargida da mata ke yawan kallon sitatus ɗinta na WhatsApp ta karɓi 5,000. A ce likau ɗin jarumar an latsa shi sau 600, na mai barkwanci sau 400, na uwargidar sau 50. Idan aka raba kuɗin da yawan latsawar, mai barkwanci ne ya fi arha, domin kowace latsawa ta tsaya a Naira 50, sauran biyun kuwa Naira 100.

A nan ne da yawa suke yin kuskure, su tsaya, su ce sun gano inda riba take. Latsawa ba ciniki ba ce. A ce cikin mutum 600 na jarumar shida ne suka saya, cikin 400 na mai barkwanci biyu, cikin 50 na uwargidar kuwa goma. Lissafin ya juye ke nan. Kowane mai saye ya ci wa mai turaren Naira 10,000 ta hannun manyan biyun, amma Naira 500 kacal ta hannun wadda babu wanda ya san sunanta a wajen unguwarsu. Alƙaluman misali ne kawai, amma darasin na gaske ne: masu kallon barkwanci sun zo dariya ne, matan da ke kallon sitatus ɗin uwargida kuwa sun san ta, sun kuma yarda da hancinta.

Saboda haka dole awon ya kai har ƙarshen ciniki. Manyan kamfanoni suna yin haka ne da wasu alamomi da ake liƙawa a wutsiyar adireshi, waɗanda ake kira UTM, da ke nuna daga ina mutum ya fito da kuma wace talla ce ta kawo shi. Sunan ya samo asali daga kamfanin Urchin da Google ya saya a 2005, ya gina Google Analytics a kansa. Amma mafi yawan masu ƙananan sana'o'i a Arewa ba su da shafin intanet na kansu, cinikinsu a WhatsApp yake ƙarewa. Su ma suna da mafita. WhatsApp yana ba da adireshin wa.me da ke buɗe hira kai-tsaye da lambar mai kaya, kuma ana iya saka masa rubutaccen saƙon da zai fito wa mai saye tun kafin ya rubuta komai. Sai a shirya wa kowane mai talla nasa saƙon, a gajarta adireshin, a ba shi. Da saƙo ya shigo an san wanda ya turo mai shi. Sauran aikin na littafi ne da biro, abin da kowane mai shago ya iya tun kafin zuwan wayar salula.

Sai dai kwanon yana da lam'a, kuma gara a san ta. Ba kowace latsawa ce ta ɗan Adam ba. Akwai manhajojin da ke zagaye intanet suna buɗe adireshi da kansu, kuma dandalin sada zumunta ma yakan leƙa likau don ya nuna hoton abin da ke ciki. Kamfanonin gajartawa suna ƙoƙarin tace irin waɗannan, amma ba duka suke kamawa ba. Mutum ɗaya kan latsa sau biyar. Mai tallar da ya san za a auna shi da latsawa zai iya roƙon abokansa su yi ta dannawa, kamar yadda wasu ke sayen mabiyan bogi. Ta ɗaya ɓangaren kuma, akwai wadda za ta ga talla ba ta latsa komai ba, ta kwafi lambar waya, ko ta aiko ƙaninta shago bayan mako biyu. Ita ba za ta taɓa fitowa a lissafin ba, sai in an tambaye ta inda ta ji labari. Ko garin da rahoton ke nunawa ba abin dogaro ba ne sosai, domin sau da yawa layin waya kan nuna Legas alhali mai shi yana Gusau.

Matsala ta biyu ta fi wannan girma, wato mallaka. Gajeren likau aro ne, kuma mai abu yana iya karɓar abinsa. Google ya buɗe nasa mai suna goo.gl a 2009, ya sanar da fara rufe shi a 2018. A 2024 ya ce tsofaffin adireshin za su daina aiki daga 25 ga Agustan 2025, sai da aka yi ta ƙorafi sannan ya sassauta, ya bar waɗanda ake amfani da su, ya kashe waɗanda suka daɗe babu mai latsawa. Idan kamfani kamar Google zai yi haka, babu dalilin amincewa da cewa wani ƙarami ba zai wayi gari ya rufe ba, ko ya mayar da abin da yake kyauta ya zama na kuɗi. Wani abin da mutane ba su cika lura da shi ba ma shi ne, haruffan "ly" da ke ƙarshen bit.ly mallakar ƙasar Libiya ne a tsarin adireshin intanet, kuma a 2010 hukumar da ke kula da su ta taɓa ƙwace wani adireshin gajartawa mai suna vb.ly bisa cewa ya saɓa wa ƙa'idojinta. Tallar kwana uku a sitatus ba ta da asara idan likau ya mutu. Wanda ya buga shi a jikin leda dubu goma, ko kwalin kaya, ko allon shago, shi ne zai kwana a ciki. Duk mai niyyar daɗewa a kasuwa ya kamata ya yi rajistar adireshinsa na kansa, ko da mai ƙarewa da .com.ng ne, ya riƙa gajartawa a ƙarƙashinsa.

Yin hakan yana maganin wata damuwar, ta amana. 'Yan damfara sun ɓata wa gajeren likau suna, domin yana ɓoye inda zai kai mutum. Da shi ake yaɗa saƙonnin ƙarya na tallafin gwamnati, da ɗaukar aiki, da kyautar data, inda ake ƙarewa da neman lambar BVN ko ta katin banki. Mutumin da aka taɓa cuta, ko aka cuci ɗan'uwansa, yana da hujjar ƙin latsa tarin haruffan da ba su da ma'ana. Likau mai ɗauke da sunan shago ya fi kwantar da hankali. Ga masu saye kuma, Bitly yana da hanyar dubawa: idan aka ƙara alamar + a ƙarshen adireshin, zai nuna inda ya nufa ba tare da ya kai mutum can ba.

Akwai kuma iyaka tsakanin ƙidaya da bibiya. Sanin cewa mutum 300 sun latsa ba ya cutar da kowa. Tattara lambobin waɗanda suka yi magana a zuba su cikin guruf ba da izininsu ba, ko a sayar wa wani ɗan kasuwar, wani abu ne daban, kuma tun 2023 Najeriya tana da dokar kare bayanan jama'a da hukumar da ke sa ido a kanta.

Su ma masu karɓar talla suna da rawar takawa. Yawan mabiya da hoton allon waya mai nuna dubban masu kallo ba su isa hujja ba, tunda kallo ba ya biyan kuɗin haya. Wanda ya san mabiyansa na gaske ne ba shi da abin tsoro a awo, hasali ma shi zai ba shi damar ƙara farashi da hujja a hannu. Hanyar da ta fi adalci ita ce a raba kuɗin gida biyu: wani kaso a biya tun farko saboda aikin ɗaukar bidiyo da sunan da mai tallar ya ara, ragowar kuma a ɗaura shi a kan cinikin da ya shigo ta likau ɗinsa cikin kwanakin da aka yi yarjejeniya, kuma ɓangarorin biyu su riƙa ganin alƙaluman tare. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da cibiyoyin da ke koya wa mata da matasa sana'a za su iya saka wannan cikin horon da suke bayarwa, domin koyon sa ba ya buƙatar fiye da waya ɗaya da zaman yini guda.