Fenti ba shi ke riƙe jirgi a sama ba

Ɗan'uwa mai zaɓe, na Ƙonni, na Madawa, na Ɗan Isa har Magarya,

Duk shekara idan tafiya Makka ta ƙarato, ka san hoton da ake nuna mana: manya cikin manyan riguna a filin jirgin sama na Yamai, bayansu jirgi fari tas yana ƙyalli, ana ta yabon kai cewa an samo wa alhazai abin hawa na gani na faɗa. Mu kuma mu ce madalla. Ni ba injiniya ba ne, aikina fassara takardun jam'iyya, amma akwai labarin da nake so ka tuna kafin ka sake cewa madalla.

Ranar 11 ga Yuli 1991 wani jirgi samfurin DC-8 ya tashi daga Jidda da alhazai zai kawo su Sakkwato, nan bayan Illela. Bai kai ko'ina ba. Mutum 261 ne a ciki, babu wanda ya fita. Bincike ya nuna tayoyi biyu ne ba su da isasshiyar iska. Makanikai sun san da haka tun kwanaki kafin ranar, an gyara lambobin da ke cikin takarda maimakon a gyara tayoyin, kuma da safiyar tafiyar aka ƙi jinkirta tashi don kada a ɓata jadawali. Tayoyi suka fashe a kan titin tashi, suka kama wuta, aka naɗe su cikin cikin jirgin da wutarsu. Yanzu ka gaya mini, wane alhaji ne da ke hawa matakala zai duba taya ya gane iskarta ta ragu?

Ga kuma abin da ya fi damuna. Da sunan Nigeria Airways aka yi tafiyar, amma jirgin da ma'aikatansa da masu gyaransa na wani kamfanin Kanada ne mai suna Nationair. Haya aka yi. Haka jigilar alhazai take har gobe, yawancinta haya ce a kan haya, sunan da aka ba ka daban, mai riƙe da sufana daban.

Kowane direban tasha ya san wannan. An sha kawo mota an fesa mata fenti, an ɗinke kujeru, a kai ta kasuwa, sai a gangaren farko a gane birki babu. Kyan ɗan maciji ke nan. An kuma san tsohuwar mota da rana da hunturu suka kodar da jikinta, amma mai ita bai taɓa wasa da juyen mai ba. Jirgi ma haka. Lafiyarsa tana cikin littafin gyaransa: awa nawa injin ya yi, yaushe aka shigar da shi babban bincike wanda ke ɗaukar makonni, wa ya sa hannu. Sabunta ma ba ta isa ba. Jirgin Kenya Airways da ya faɗi a Duwala cikin Mayun 2007 da mutum 114 bai cika shekara ɗaya da ƙerawa ba. Matuƙansa ne suka rikice cikin duhu.

Ba na ce ido ba shi da amfani ba. Fenti yana kare ƙarfe daga tsatsa, kuma kamfanin da ya bar ɗamarar kujera a tsinke ya ba ka dalilin zarginsa a kan abin da ba ka gani. A 1988 a Hawai rufin wani jirgin Aloha ya yage a sama, kuma wata fasinja ta ce ta ga tsaga a jikinsa lokacin da take shiga, ta yi shiru. Idan ka ga irin wannan, ka faɗa. Amma kodewar fenti daban, tsaga daban.

To tunda idonka ba zai shiga cikin inji ba, dole wani ya shiga a madadinka, kuma don haka ake biyan gwamnati. Muna da hukumar ANAC mai kula da jiragen sama, muna da COHO mai shirya aikin haji. Abin da jam'iyyarmu ke nema ba mai wuya ba ne: kafin a sa hannu a kwangilar jigila, a bayyana wa jama'a sunan ainihin mai jirgin, ƙasar da ta yi masa rajista, ranar babban bincikensa na ƙarshe, da sunan jami'in da ya duba ya amince. A karanta a rediyo da Hausa, da Zabarmanci, da sauran harsunanmu, ba a ɓoye cikin faransanci a aljihun tebur ba. Mahaifiyarka da ta sayar da shanu ta biya kujera tana da haƙƙin ta ji.

Idan ɗan takarar masu mulki ya zo garinku da hotuna, ka tare shi da ladabi ka tambaye shi waɗannan abubuwa huɗu. Namu ma in ya zo, ka tambaye shi.